Rigar Sanyi Ita Ma Rigakafi Ce: A Duba Yadi Kafin A Kai Wa Tela

A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan abin da mutane da dama ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato rigar sanyi: wane yadi ya dace a saya, yaya za a ɗinka, kuma wa ya fi bukatarta a cikin gida.

Wataƙila ka ce, to mene ne haɗin asibiti da aikin tela? Haɗin kuwa babba ne. Da zarar hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, mukan ga an yawaita kawo mana jariran da jikinsu ya yi sanyi ƙalau, da masu amosanin jini da ciwo ya tasar musu, da kuma yaran da suka ƙone a wurin jin ɗumi. Duk waɗannan suna da alaƙa da suturar da ke jikin mutum. Saboda haka ra'ayina shi ne, ya kamata magidanta, musamman mutanenmu na kudancin Jihar Katsina, irin su Daudawa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, su daina jira sai sanyi ya sauko sannan a ruga kasuwa a ɗauko duk abin da ido ya gani. Tun ana kaka, kuɗin amfanin gona na hannu, a zaɓi yadi da natsuwa a ɗinka wa iyali rigar da za ta riƙe ɗumi, wadda kuma ba za ta zama makamashi ba idan tartsatsi ya faɗa mata.

Abin da sanyi ke yi wa jiki

A yankinmu, cikin watannin Disamba da Janairu, akan samu daren da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15, wani lokaci ma har ya kusanci 10, alhali kuwa da rana yakan hau zuwa wajen 30. Ga kuma busasshiyar iska mai ƙura da ke kaɗowa daga Sahara, wadda ke kwashe ɗumin jiki da sauri. Babban mutum mai lafiya zai iya daurewa, ya yi makyarkyata, ya motsa jiki, ɗumi ya dawo. Amma akwai waɗanda ba su da wannan ƙarfi.

Na farko shi ne jariri. Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk jaririn da ya sauka ƙasa da 36.5 to sanyi ya fara yi masa illa. Jariri ba ya iya makyarkyata kamar babba, kitsen jikinsa kaɗan ne, kansa kuma yana da girma idan aka kwatanta da sauran jiki, don haka ɗumi mai yawa ke fita ta nan. Idan sanyi ya shige shi sai ya kasa shan nono, sukarin jininsa ya faɗi, numfashi ya rikice. Abin ya fi tsanani ga bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi.

Na biyu shi ne mai amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Sanyi yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, sai lanƙwasassun ƙwayoyin jini su maƙale, ciwon ƙashi mai tsanani ya taso. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan larura, inda aka ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Na uku su ne tsofaffi, da masu ciwon zuciya da hawan jini, da masu asma, da yaran da tamowa ta kama, waɗanda ba su da tsoka da kitsen da zai kare su.

Idan babu sutura mai kyau, abin da ya rage wa mutane shi ne wuta. A hura karan dawa a tsakar gida, ko a zuba garwashi a kasko a kai ɗaki a rufe ƙofa da taga. A nan ne hatsari biyu ke jira: ƙuna, da kuma wata iska mai guba da garwashi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma tana iya kashe mutanen ɗaki guda suna cikin barci. Duk gidan da aka wadata yara da rigar sanyi da bargo, an rage bukatar shigar da garwashi ɗaki ke nan.

Ƙasar auduga ce fa

Abin mamaki shi ne, wannan yanki da muke magana a kai gidan auduga ne. Tun a shekarun 1920 Turawa suka buɗe gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, inda ake fitar da iri ana rarraba wa manoma. Kamfanin auduga na Ingila da aka kafa a 1902, wanda mutanenmu ke kira Bisije, ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, har yau kuma akwai unguwa mai wannan suna a garin. Daga baya masaƙu suka biyo baya, irin su masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Durƙushewar masaƙun nan a farkon shekarun 2000 ta taimaka wajen cika kasuwanninmu da yadin roba na ƙasashen waje da kuma gwanjo.

Tun ma kafin zuwan Turawa kakanninmu sun san sirrin ɗumi. Mata suna kaɗi da mazari, masaƙa suna saƙa gwado da luru masu kauri don lulluɓa. Haka kuma duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifidi. Lifidi kuwa yadi biyu ne aka cusa auduga a tsakaninsu aka bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta zube wuri guda. An yi shi ne don tare kibiya da mashi, amma wannan dabara ita ce dai ake amfani da ita a manyan rigunan sanyi na Sin da Rasha da sauran ƙasashe masu ƙanƙara. Ashe ke nan fasahar tana hannunmu, sakaci ne kawai muka yi da ita.

Yadda riga ke riƙe ɗumi

Ya kamata mai karatu ya gane cewa riga ba ta samar da zafi da kanta. Jikinka ne ke fitar da zafi, aikin riga shi ne ta tsare iskar da jiki ya ɗumama don kada ta gudu. Shi ya sa riguna biyu ko uku marasa nauyi sukan fi guda ɗaya mai nauyi ɗumi, domin akwai iska a tsakanin kowace biyu. Rigar sanyi ta ƙwarai tana da hawa uku.

Hawa na ciki, wato shafi, shi ne mai taɓa fata. A nan a sa auduga zalla mai laushi, kamar alawayyo ko akoko da aka wanke, ko tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi. Auduga tana shan gumi, ba ta sa ƙaiƙayi, ta kuma dace da fatar da hunturu ya busar. Kada a bari ulu ya taɓa fatar jariri ko mai ƙyasbi da ƙaiƙayin fata kai tsaye.

Hawa na tsakiya shi ne mai riƙe iska. Ana iya sa audugar da aka gurje aka yi mata shiɓa ta zama shimfiɗa guda mara kauri sosai, ko tsohon bargo, ko tsohon gwado, ko suwaitar ulu da ta tsufa aka farke ta. A guji audugar rimi a rigar yara, domin tana kama wuta nan take. Haka shi ma soson katifa, yana ci da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. Sannan kada a yi amfani da audugar da aka ajiye a buhun taki ko kusa da maganin feshi.

Hawa na waje aikinsa tare iska da ƙura. A nemi yadi mai matsattsiyar saƙa, kamar kaki ko yadin jins ko shadda ta auduga mai nauyi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa, sannan ka kara shi a baki ka hura. Idan haske na ratsawa sosai, ko ka ji iskar bakinka a tafin hannunka ta ɗaya gefen, to iskar hunturu ma za ta ratsa.

Yadi da wuta

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damunmu a asibiti. Yadin roba, irin su nailan da foliyesta da mafi yawan suwaitocin nan masu ƙyalli da araha, idan wuta ta taɓa su narkewa suke yi kamar leda, su manne a fata suna ci gaba da ƙona nama. Irin wannan ƙuna takan yi zurfi, ta daɗe ba ta warke ba, wani lokaci sai an yi dashen fata, ta kuma bar tabon da ke ɗaure gaɓa. Ulu na gaskiya yana da wuyar kamawa, yakan ma mutu da kansa idan aka janye shi daga wuta. Ita kuwa auduga, kada a ce ba a faɗa ba, tana ci, musamman mara kauri ko mai gashi-gashi a samanta, sai dai ba ta narkewa ta manne, kuma mai nauyi da matsattsiyar saƙa ba ta saurin kamawa. Wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. A Amurka tun shekarar 1953 aka kafa dokar hana sayar da tufafi masu saurin kama wuta, bayan da yara da dama suka ƙone.

Tunda mu ba kasafai ake samun takardar bayani a jikin yadi ba, kuma mai sayarwa zai rantse maka cewa auduga ce, to ga yadda za ka gane. Ka roƙi ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ka fita fili nesa da yara da kayan shago, ka ajiye ruwa kusa, ka riƙe shi da ƙarfe ka kanga masa ashana. Auduga tana ci da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa a hannu. Yadin roba kuwa yana tattarewa, ya narke yana ɗiga, ya bar dunƙule mai tauri. Idan ka ga toka da dunƙule tare, to gauraye ne.

Ba ina cewa yadin roba ba shi da amfani kwata-kwata ba ne. Irin mai laushin nan kamar bargo yana da ɗumi, ba shi da nauyi, yana kuma saurin bushewa. Ɗan acaɓa da ke fita da asuba zuwa kasuwar Sheme ko Funtuwa zai amfana da jaket mai tare iska. Amma yaro mai rarrafe, da uwargida mai tsayuwa a bakin murhu, da mai farfaɗiya, da tsohon da ba ya iya tashi da sauri, kada a sa musu yadin roba a waje. In ya zama dole a yi amfani da shi, a sa shi a tsakiya, auduga mai nauyi ta rufe shi ciki da waje.

Idan tsautsayi ya auku riga ta kama, kada a yi gudu. A kwantar da mutum ƙasa a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo mai nauyi, sannan a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, ana rufe sauran jikin yaro don kada sanyi ya kama shi. Kada a fizge yadin da ya manne. Kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko manja ko baƙin mai ko kashin shanu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a garzayo asibiti.

Abin da za a faɗa wa tela

Ko uwargida ce za ta ɗinka da kekenta, ko telan unguwa za a kai wa, ga abubuwan da za a kiyaye. Da farko a wanke yadin auduga a shanya a goge kafin a sa almakashi, domin yana tsukewa in ya ji ruwa, wankin kuma yana fitar da sitati da rinin da ke sa ƙaiƙayi. A auna mutum yana sanye da rigarsa ta kullum, a bar sarari kaɗan yadda zai ɗaga hannu ba tare da takura ba. Rigar da ta matse ba ta riƙe iska, wadda kuma ta yi burum-burum iska na shiga ta ƙasa, ga shi gefenta na saurin lasar wuta.

Bayan an jera hawa ukun, a bi su da ɗinki layi-layi, tazarar yatsa uku ko huɗu tsakanin layi da layi, don kada audugar ta dunƙule a ƙasa bayan wanki. A tsuke bakin hannu, a ɗaga wuya ya rufe maƙogwaro, tsawon riga kuma ya sauka ya rufe ƙugu. Ga yara, a bar kalmasa mai faɗi a hannu da ƙasa, baɗi a warware a ƙara tsawo.

A yi rigar mai buɗewa ta gaba. Da hantsi idan rana ta ɗaga sai a buɗe ko a cire, domin yaron da ya yi gumi a cikin riga, iska ta buge shi, ya fi wanda bai sa ba jin sanyi. Haka kuma riga mai buɗewa ta gaba ta fi sauƙin sawa ga mai shanyewar ɓarin jiki, ta fi sauƙin cirewa idan wuta ta kama, ta kuma sauƙaƙa wa likita aikin duba ƙirji. Kada a sa igiya ko zariya a wuya ko hular rigar yaro, don tana iya maƙalewa ta shaƙe shi. Maɓallai su zama manya, a ɗinke su da ƙarfi, kada yaro ya ciro ya haɗiye. Guntayen yadin da suka rage kuwa a yi hula mai rufe kunne da su.

A tuna cewa riga mai auduga a ciki tana daɗewa ba ta bushe ba. A wanke ta da safe ranar da ake rana sosai, kuma kada a sa wa yaro ita da danshi.

Jarirai da masu larura

Uwargida, babu rigar da ta kai ƙirjinki ɗumi ga jaririnki. Dabarar nan ta ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, wadda aka fara a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, ta ceci bakwaini masu ɗimbin yawa a duniya. A sa wa jariri hula da safa da nafkin, a kwantar da shi tsakanin nonuwa, a ɗaure da zane, sannan ke ki sa riga mai buɗewa ta gaba a kai. Wannan riga ita ce ya kamata maigida ya fara ɗinkawa idan haihuwa za ta faɗo cikin hunturu. A kuma jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa. Amma kada a wuce gona da iri wajen naɗe jariri: a ƙara masa hawa ɗaya a kan abin da babba ya sa, a bar fuskarsa a buɗe, a riƙa taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. In ya yi gumi a rage.

Mai amosanin jini ya samu riga da hula da safar hannu da ta ƙafa, ya sa tun kafin fita makaranta ko masallaci da asuba, ya yi alwala da wanka da ruwan ɗumi, ya kuma yawaita shan ruwa ko da ba ya jin ƙishi. Mai ciwon sukari ya sa safar auduga mara matsewa, kada ya miƙa ƙafa ga garwashi, domin ƙafar na iya ƙonewa bai ji ba. Mai asma kuma a guje masa yadi mai zubar da gashi, a kuma wanke rigar da ta kwana a akwati tun bara kafin ya sa.

To gwanjo fa?

Na san wani zai ce, sanyin wata biyu ko uku ne, gwanjo ya fi araha, ina dalilin wahalar ɗinki? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma akan dace da ulu na ainihi a gwanjo. Sai dai a duba abu uku. Farashin gwanjo yakan tashi daidai lokacin da sanyi ya tsananta. Akasarin na yara yadin roba ne. Sannan ita rigar gida, mafi yawan kayanta suna cikin ɗakinki: tsohon zane, tsohon bargo, wandon jins da ya yage a gwiwa. Riga guda mai kyau tana iya yi wa wa, ta yi wa ƙane, ta kai ga na uku. In kuwa gwanjon aka saya, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge, saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata da makero.

Akwai kuma waɗanda ko na gwanjon ba su da shi. Hare-haren 'yan bindiga, musamman daga 2019, sun raba dubban mutane da gidajensu a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, wasu sun fito daga su sai kayan jikinsu. Ga kuma almajirai masu kwana a zaure da rumfunan kasuwa. Ina kira ga ƙungiyoyin teloli da matan Islamiyya da masu hali da su tara guntayen yadi da tsofaffin barguna a ɗinka wa waɗannan bayin Allah. Sadaka ce mai araha, ladanta kuwa Allah kaɗai Ya sani.

Riga ba ta maye gurbin asibiti

A ƙarshe, a sani cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo nimoniya da ƙyanda da sanƙarau, don haka rigar sanyi ba ta ɗauke wa yaro allurar rigakafi ba. A kammala masa alluransa, a kuma bar kafar shigar iska a ɗakin kwana. Idan yaro yana tari, a buɗe rigar a ƙirga numfashinsa na minti guda yana kwance lafiya. In ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa wata 11, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi sanyi duk da an rufe shi, to kada a tsaya ƙara masa bargo, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba.

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Audugar tamu ce, teloli namu ne, dabarar kuma ta kakanninmu ce. Maigida, tun kafin buji ya taso a duba akwati, a ga abin da ke akwai, a sayi abin da ya rage, a kai wa tela. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu daga gobara, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, amin. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.